Ni ce a Ƙarshen Igiyar

Duk wanda na ba labarin nan da baki, kafin in kai ƙarshe sai ya yi dariya. Ƙawata ta makaranta ma, da na ɗauka za ta tausaya mini, sai da ta riƙe ciki. Shi ya sa na daina faɗa. Yanzu rubutawa zan yi, mai dariya ya yi abarsa inda ba na ji.

Mu uku Baba ya bari da Inna: Yaya Babba, Yaya Ƙarami, sai ni auta. Ya bar mana shagon kayan ɗaki a kasuwar Azare, kuloli da tangaran da robobi da zannuwan gado, ya kuma bar wata ƙaramar mota fara wadda ta girme ni. Shagon shi kaɗai ba ya riƙe gida, saboda haka tun Baba na da rai ake bin kasuwannin ƙauye, wannan satin Giade, wancan wajen Shira, wani lokaci Jama'are. Da na gama sakandare sai aka sa ni cikin tafiyar, ba don ana so na a ciki ba, sai don akwai inda namiji ba ya shiga. Su yayyena su baje kaya a kasuwa, ni kuma a kai ni ƙauyukan gefe in bi gida-gida wurin mata, in nuna musu kula mai fure, su juya ta, su ƙwanƙwasa murfin da farce, su ce za su yi shawara da maigida. Mafi yawan cinikinmu daga cikin gidajen nan yake fitowa. Kowa ya san haka a gidanmu, ba dai mai faɗa.

Matsalar ita ce ƙaramar motar ba ta ɗaukar kaya. Kullum sai an yi shatar wata, direban ya jefa kwalin tangaran kamar buhun gero, a isa kasuwa a tarar da faranti ya zama gari. Kwana kuma a zauren mutane ake yi, ni a tura ni cikin gidan da ban san kowa ba. Sai yayyena suka yarda a kan abu ɗaya, kuma shi ne abu na ƙarshe da suka yarda a kansa: a nemi motar kanmu wadda za ta ɗauki kaya, a kuma kwana a cikinta.

Yaya Babba bas yake so. Tsohuwar bas, a cire kujerun, a kafa katakai na jera kaya, a shimfiɗa katifa a tsakiya. Sai a ɗaura motar Baba a bayanta a riƙa ja. In an isa kasuwa bas ta tsaya ta zama shago, a kwance ƙaramar a kai ni ƙauye.

Yaya Ƙarami, wanda shi ne direbanmu, ya ce wannan wahala ce da gangan. Shi a ganinsa a sayar da motar Baba, a sayi a-kori-kura, mai walda ya ƙera babban akwati mai tayoyinsa, wuyansa ya hau kan wani faifan ƙarfe a bayan a-kori-kurar, kamar yadda bodin tirela ke hawa kan kanta. In an isa kasuwa a sauke wa akwatin ƙafafu, a zare ƙusa, kan ya fita ya tafi inda ya ga dama.

"Inji ɗaya, takardu ɗaya, bakanike ɗaya," in ji shi. "Kai kuma kana so mu riƙa kiwon tsofaffi biyu."

"Motar Baba ce tsohuwa?"

"Yaya, ta fi Auta shekaru."

"To kai ma ka fi Auta shekaru, sai a sayar da kai."

"Da ka samu mai saye ai da ka daɗe da yi."

Haka suke yi kullum a kan kwanon tuwo. Ba wanda ya taɓa juyowa ya ce Auta, ke me kika gani. Ni ma ban ga dalilin sa baki ba. Na ɗauka maganar ƙarfe ce da taya, maganar maza.

Da gardama ta ƙi ƙarewa, Yaya Babba ya je ya aro bas wurin wani abokinsa, ya ce a gwada a gani da ido. Ƙarshen damina ne, dawa ta fi mutum tsawo, ranar kasuwa ta wajen Shira. Na tambaya me zai hana a tuƙa ƙaramar kawai ta bi bas ɗin a baya. Yaya Babba ya dube ni kamar na yi ashar. Ya ce ko ni ce zan riƙa zuba mata mai? Kuma direba ɗaya gare mu. Shi bai taɓa koyon mota ba, wai ɗan kasuwa ne shi, ba yaron tasha ba.

"To wa zai zauna a cikin ƙaramar?" na ce, don na san motar da ake ja da igiya dole a samu mai riƙe sitiyari.

Suka dube ni su biyun. Ranar ce kaɗai na ga sun dubi wuri ɗaya.

Iyakar tuƙina shi ne zagaya filin ƙwallon firamaren unguwarmu, da Baba a gefena yana cewa a hankali. Na faɗa musu haka. Yaya Babba ya ce, "Wa ya ce tuƙi za ki yi? Akuya ma ana jan ta zuwa kasuwa, wace makarantar mota ta shiga?"

Da safe ina cikin gida ina zuba mana ɗanwake a kula, ina jin bas ɗin a ƙofar gida tana kuka tana ƙin tashi, Yaya Babba na zagin abokinsa da ba ya nan. Can sai na ji ta tashi. Da na fito har an ɗaura igiya, shuɗiya mai kauri, irin ta ɗaure kayan babbar mota, an soka mata jan ƙyalle a tsakiya. Yaya Ƙarami ya buɗe mini ƙofa, ya murɗa makulli ya bar shi a jiki don kada sitiyari ya kulle.

"Giya tana firi, kar ki taɓa ta. Idonki a kan igiya. In kin ga ta saki, ki ɗan taka birki. In kin ga abin da ba ki gane ba, ki danna hon, zan tsaya."

"Za ka ji?"

"Hon ɗin motar Baba? Har Jama'are ana jin sa."

Gaskiya ne wannan, hon ɗinta ya fi ƙarfinta. Sai hankalina ya ɗan kwanta. Na gyara mayafina, na yi addu'ar hawa, na kama sitiyari da hannu biyu.

A cikin gari abin bai yi muni ba. 'Yan acaɓa suna leƙo ni suna murmushi, wani ya ce, "Hajiya, a dai riƙa biyan kuɗin ja." Abin da ban yi tunani ba shi ne ba zan ga hanya ba. Bayan bas ɗin ya cika mini gilashi gaba ɗaya, tagoginta na baya kuma an toshe su da kwalaye. Ba na ganin rami sai na faɗa ciki. Ba na ganin kwana sai igiya ta fizge ni zuwa gefe. Hayaƙinta yana shigowa ta ko'ina, idona na ruwa. Sitiyarin kuma ya yi nauyi kamar ana riƙe da shi ta ƙasa, tunda injin a mace yake.

Da muka fita gari Yaya Ƙarami ya manta da ni. Ban da wata kalmar da zan sa. Ya taka mota irin yadda ya saba, itatuwa suka fara wucewa da gudu. Na taka birki na farko ya amsa. Na biyu ya amsa da kyar. Na uku na ji kamar na taka dutse. Na miƙe a kansa da dukan nauyina, na ji ya ɗan kama kaɗan, kamar mai jin kunya. Ba wanda ya gaya mini birki yana sandarewa in inji ba ya aiki. Ko sun sani suka yi shiru, ko ba su sani ba, har yau ban san wanne ya fi muni ba.

A nan na fara danna hon.

Shiru.

Na ɗauka ban danna daidai ba. Na sa tafin hannu. Na sa dunƙule. Na doke shi har wuyan hannuna ya yi ƙara. Ko tari bai yi ba. Na leƙa da kai ta taga na ƙwala kiran Yaya, iska ta ɗauke muryar ta mayar mini cikin baki da hayaƙi. Na fitar da hannu ina kaɗa mayafi. Motar ta karkace, na koma na cafke sitiyari. Wayata tana cikin jakata, jakar kuma tana cikin bas, don Yaya Babba ya ce kada in riƙa latse-latse a hanya.

Ban san tsawon tafiyar da muka yi a haka ba. Na san dai na karanta duk abin da na haddace, na koma farko, na gauraya wata addu'a da wata. 

Akwai wata gangara kafin a fara hango duwatsun Shira, da kwalbati a ƙasanta. Daga baya aka ce mini shanu ne suka tsallaka. Ni abin da na gani shi ne bayan bas ya taso mini kamar bango. Igiya ta zube ƙasa ta shige ƙarƙashina. Na miƙe a kan birki, ban tsaya ba, sai na murɗa sitiyari don kada in shige ƙarƙashin bas. Motar ta fita ɗaya hannun. A karon farko tun da muka baro gida na ga hanya, kuma abin da ke cikinta tifa ce cike da yashi, tana haurowa, tana kunna mini fitila.

Na sake danna hon. Ina sane ba ya yi, amma hannuna bai sani ba.

Shanu suka wuce, Yaya Ƙarami ya taka mai. Igiya ta miƙe ta fizgo ni da ƙarfin da kaina ya daki ƙofa. Tifar ta wuce ta gefena, kusa har na ga zaren da aka ɗinke tamfol ɗinta, iskarta ta girgiza motar. Sai na ji wani tas kamar an harba bindiga. Igiyar ce ta tsinke, don ta goge da kwalta lokacin da ta shiga ƙarƙashi. Motar ta sulale gefen hanya, ta tsallake wani ɗan kwari, ta shige gonar dawa. Karare suka riƙa dukan gilashi har ta tsaya da kanta.

Bas kuwa ta yi gaba. Ina jin ƙararta tana raguwa har ta ɓace.

Wannan ne wurin da mutane ke dariya. Wai sun tafi da guntuwar igiya suna ja. Ni abin da na tuna shi ne shirun gonar, da ganyen dawa a manne da gilashi, da hannuwana da suka ƙi sakin sitiyari. Ina ce musu su saki, sun ƙi.

Wata tsohuwa mai tallan nono ce ta rabo karare ta leƙo. Ta ajiye ƙwaryarta ta ce da Fillanci, "Jam na?" Na kasa cewa lafiya, na kasa cewa ba lafiya. Ta buɗe ƙofa, ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya daga jikin sitiyari tana magana da Fillanci a hankali, kamar yadda ake lallashin saniya. Ta fito da ni ta zaunar da ni a kan kunyar gona, ta cire zanen da ta yi gammo da shi ta ɗaura mini a kan nawa, don ta ga abin da ya faru da nawa.  Ita kaɗai ce a ranar ba ta tambaye ni me ya sa ba.

Rana ta ɗaga sosai kafin in ji bas ta dawo. Yaya Babba ne ya fara shigowa gonar. Ya wuce ni, wallahi ya wuce ni, ya je gaban motar ya durƙusa yana shafa bamba.

"Kin ga abin da kika yi? Kin ga fitila?"

Yaya Ƙarami ya zo yana haki. Shi dai ya dube ni, ya ga ina da hannu da ƙafa, sai tsoronsa ya juye faɗa.

"Me na ce miki? Ban ce ki danna hon ba? Sai ki bari mu kai har bakin kasuwa, mutane na nuna mu suna dariya?"

Na ce, "Na danna."

"Da kin danna da na ji."

"Na danna!"

"Ke dai ki ce kin ruɗe. Ai ba abin kunya ba ne, mace ce ke."

Ya zura hannu ta taga don ya ƙaryata ni, ya danna. Ya sake dannawa. Sai na ga fuskarsa ta canza. Ya tsaya da hannunsa a cikin mota, bai dubi kowa ba.

Yaya Babba ya ce, "Mene ne?"

"Batir."

"Batir me?"

"Yana cikin bas."

Da safe da bas ta ƙi tashi, batirin motar Baba suka cire suka sa mata. Su biyun suka yi, ɗaya na riƙe da sifana, ɗaya na ɗauka. A tunaninsu motar da za a ja me za ta yi da batir, tunda ba tayar da ita za a yi ba. Suka rufe bonet, sannan ɗayansu ya dubi idona ya ce in na ga matsala in danna hon.

Na jira in ji wani ya ce yi haƙuri. Abin da na ji shi ne:

"Kai ka ce a cire."

"Kai ka aro mataccen abu."

"Kai ne direba, kai ya kamata ka sani."

"Shawarar wa ce a ja mota da igiya kamar jaki?"

Suna tsaye a gonar mutane, a kan dawar da na karya, suna nuna juna da yatsa. Tsohuwar ta dube su, ta dube ni, ta ɗauki ƙwaryarta ta aza a kai babu gammo, ta tafi.

A gida aka ce wa Inna igiya ce ta tsinke, Auta ta ɗan tsorata. Na bar shi a haka, don bakina bai iya haɗa maganar ba tukuna. Abinci ya ƙi shiga. In aka ja kujera a tsakar gida sai in zabura. In na rufe ido sai bayan bas ya taso. Matar Yaya Babba ta ce ko a nemo mini rubutu, wataƙila na gamu ne a gonar. Na ce mata abin da na gamu da shi a gidan nan yake kwana.

Gardama kuwa ba ta mutu ba, sai ma ta samu sabon abinci. Yaya Babba ya ce laifin igiya ne, in an sa sarƙa shi ke nan, kuma yanzu ai Auta ta koya. Ta koya! Yaya Ƙarami ya ce ga shi kowa ya gani, akwati ne mafita. Ya fara yi mini magana da taushi, yana kawo mini tsire da yamma, yana cewa, "Auta, in Inna ta tambaye ki, kin san dai abin da za ki ce." Na san ba don ni yake yi ba, ƙuri'a yake nema. Amma na ce a raina ko ba komai a tsarinsa ba igiya, ba wanda za a bari a baya. Na ce masa ina bayansa.

Sai ya ɗauke ni zuwa wurin mai walda, don in gani da idona in ƙara ƙarfin gwiwa. Mutumin kudu ne da ya daɗe a Azare har Hausarsa ta fi tawa karin magana irin ta kasuwa, kowa Oga yake ce masa. Ya zana mana akwatin da alli a ƙasa, ya nuna inda taya za ta zauna, inda ƙofa za ta buɗe ta zama rumfa, inda ƙusa za ta shiga faifan. Akwai a-kori-kurar wani a gefe ana gyara, ya ce irin wannan za mu nema. Na leƙa cikinta. Kujerar direba, sai kujera ɗaya.

Na ce, "Yaya, ni ina zan zauna?"

"A ina kuwa? A ciki mana."

"Cikin me?"

Ya nuna zanen allin da ƙafarsa. "Ga katifa, ga inuwa. Ke da za ki yi ta barci har mu isa. Oga, a fasa mata 'yar taga ta nan."

Oga ya ce, "Taga ba matsala. Ƙofa dai ta waje ake kullewa, saboda kaya."

Na tsaya ina kallon layin allin. Akwatin ƙarfe, a kulle ta waje, a bayan mota, da ƙusa ɗaya tsakanina da su.

"In ina so ka tsaya fa?"

"Sai ki buga jiki, zan ji."

Zan ji. Da bakin nan nasa.

Ban san lokacin da na fara ihu ba. Na san masu walda sun kashe injinsu, na san wani ya ɗaga baƙin gilashinsa yana kallo. Na ce masa shi da Yaya Babba duk ɗaya ne, ɗaya igiya, ɗaya ƙusa, ni dai a baya kamar kayan da aka manta. Na ce watanni suna faɗa a kan ƙarfe, ba wanda ya taɓa tambayar inda mutum zai zauna, don kowannensu ya riga ya san tasa kujerar. Ya ce in rufe masa baki a gaban mutane. Na ce ai na saba, ko na buɗe ba ji yake yi ba. Na fita na tare ɗan acaɓa, sai na kasa hawa, na taka da ƙafa har gida.

Ranar na gaya wa Inna komai, da batir, da tifa, da zanen tsohuwar da ke ninke a ƙasan akwatina. Tana tsintar shinkafa. Ba ta ɗago ba har na gama, hannunta dai ya daina motsi. Bayan la'asar ta aika a kira su.

Inna ba ta yi wa Yaya Babba magana kai tsaye. Ɗan farinta ne, alkunya take yi masa irin ta mutanen da, ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ko faɗa ba ta taɓa yi masa a gabanmu ba. Yana zaune a bakin tabarma, amma Yaya Ƙarami ta fuskanta.

"Ka gaya wa wanda ya girme ka, ni ban haifi abin ja ba. Kai ma ka gaya wa kanka. Ku sayi bas, ku sayi akwati, ku sayi jirgi in kuna so. Yarinyar nan inda direba yake nan za ta zauna, inda in ta yi magana za a ji. In babu wurin, ta zauna a gida, ku shiga gidajen matan da kanku."

Yaya Babba ya ce wa tabarma, "In bas ce ai dole wani ya riƙe ƙaramar."

Inna ta ce wa Yaya Ƙarami, "Ka tambaye shi, wa zai riƙe?"



Yaya Ƙarami ya ce, "To a-kori-kura kujera ɗaya ce, Inna. In Auta ta zauna, Yaya fa?"

"Ga katifa, ga inuwa," na ce. Ban yi niyya ba, fita ta yi.

Yaya Babba ya juyo ya dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarsa ba. "Ni zan shiga akwati kamar kaza, ke kina gaba? Ni?" Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Ku sayar da motar ubanku, ku yi abin da kuka ga dama. Ni na bar bin kasuwa. Shago ya ishe ni."

Haka aka yi. Yaya Babba bai fito ba ranar da mai sayen motar ya zo. Yanzu in na gaishe shi da safe yana amsawa ne da hanci, matarsa kuma ta daina aiko wa Inna miya. A unguwa an ce auta ta raba kan yayyenta. Yaya Ƙarami ya samu akwatinsa, amma bai yafe mini ba shi ma, don yanzu shi kaɗai ke sauke kaya, shi kaɗai ke tsare rumfa, in zai kai ni ƙauye sai ya roƙi maƙwabcin kasuwa ya duba masa. Tsiren ma ya ƙare.

Fitarmu ta farko Giade muka nufa. Ina gaba, jakata a cinyata, hannuna a kan mariƙin ƙofa. Duk ramin da muka faɗa sai ƙusar ta buga a bayan kaina, akwatin ya tura mu sannan ya ja mu. Muna wuce gidajen ƙarshe na gari yatsuna suka fara sandarewa.

Na ce, "Yaya, tsaya."

Ya ja tsaki mai tsawo, ya sauka gefen hanya, ya taka birki. Na fita na tsuguna a bakin wata gonar wake har numfashina ya dawo. Bai fito ba, bai tambaye ni komai ba. Da na dawo na rufe ƙofa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "In haka za ki riƙa yi, sai kasuwa ta tashi za mu isa."

Na ce, "Sai ta tashi."

Ya sa giya. Kafin mu kai Giade na sake tsayar da shi.